Bakin Gwanki da Bakin Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata shekara fari ya matsa wa namun daji, suka naɗa Gwanki shugaban haƙar rijiya. Dabgi, gwanin tona, shi ke can ƙasa yana haƙa, sauran suna janyo ƙasa da guga.

Rannan Kurege, sarkin fadanci, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ruwa ya fito, ai Dabgi za a yaba."

Gwanki ya ji haushi. Ya jingina da bakin rijiya ya ce, "Wane Dabgi? Farce ne kawai, babu kai. Da an ga ruwa zan sallame shi."

Aka yi dariya. Gwanki ya manta rijiya ba ta ɓoye wa na cikinta magana.

Da aka janyo guga, sai ga yashi mai damshi. Gwanki ya leƙa da murna. "Sannu da aiki, ɗan'uwa! Saura ƙiris!"

Ashe Dabgi ya ji komai, ya tona hanya ta gefe ya yi tafiyarsa. Duk cikinsu kuwa babu mai farcen ƙarasawa.

Gwanki ya durƙusa, ya ce, "Dabgi, suɓutar baki ce, ka yi haƙuri!"

Rijiya ta amsa masa, "Haƙuri."

Har yau in ya leƙa ya kira, abin da take ba shi ke nan maimakon ruwa.

Ƙurunƙus! Kan kusu ya faɗa rijiya, mai dogon hannu ya ciro.