Farin Takalmin Mordecai

Akwai wani mai ɗaga ƙarfe a Samaru da ake kira Mordecai. In kun taɓa bi ta bayan kasuwa da yamma kuka ji ƙarfe na dukan ƙasa har kwanon rumfuna na amsawa, to daga wurin atisayen Koci Sati ne, kuma yawanci Mordecai ne ya sauke.

Ƙarfi kam Allah ya ba shi, wannan ba mai musu. Da rana yana walda a Bomo, da yamma ya zo ya ɗaga abin da ƙarti biyu ba sa iya jijjigawa. Aibinsa guda ne: ba ya jin magana. In ka ba shi shawara, sai ya dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka kilo nawa kake ɗagawa. In naka bai kai nasa ba, maganarka ta mutu a nan.

A wannan shekarar aka sa ranar gasa a Kaduna, inda za a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha a wasannin ƙasa. Mutum ɗaya tak ake ɗauka a kowane ajin nauyi. Mordecai yana da shekara talatin da biyu, kuma sau biyu wannan dama tana kufce masa, ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗaya kuma rasuwar mahaifinsa. Koci Sati bai ɓoye masa ba, ya ce wannan ce ta ƙarshe, jiki ba zai jira wata ba.

A ajin nauyinsa akwai wani Adebayo, ɗan Jushi, shi ma ɗan wurin Koci Sati, mutum ne shiru-shiru da bai kama ƙafar Mordecai a ƙarfi ba. Kowa ya san gurbin na Mordecai ne. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya je ya yi abin da ya saba yi kullum.

Ga wanda bai sani ba, takalmin ɗaga ƙarfe ba irin kambas ɗin gudu ba ne. Na gudu laushi ake nema. Na ɗaga ƙarfe kuwa ƙasansa a shimfiɗe yake, dunduniyarsa da ɗan tudu, kuma dole ta yi taurin da ba ta lotsawa. Lokacin da mutum ya tsuguna da kilo ɗari da wani abu a kansa, duk nauyin a dunduniya yake sauka. In ta goce ko da faɗin ɗan yatsa ne, gwiwa ce take shan wahalar.

Duk 'yan wurin Koci Sati, wani tsohon shumeka ne a Sabon Gari yake haɗa musu nasu. Sunansa Baba Chukwuka. A Zariya aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan birni. Yakan samu takalmin fata mai ƙwari, ya sassaƙa masa dunduniyar katako, ya ɗinke zagaye da baƙin zare. Kyau kam babu, gaskiya, amma shekara huɗu Mordecai yana taka nasa bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai da gasa ta matso ne gogan naku ya tuna cewa takalmin mummuna ne. Wai a Kaduna za a ɗauki bidiyo da waya a sa a intanet, shi kuma ba zai bari a ga zakara da takalmin da ya yi kama da na mai gadi ba.

Wata Asabar ya shiga kasuwar Sabon Gari, layin 'yan gwanjo, ya tarar an kwance sabuwar dila. A cikinta ya ci karo da shi: takalmin ɗaga ƙarfe na ainihi, ɗan waje, fari fat da ratsin ruwan gwal. Ba a taɓa taka shi ba, takardar da aka cusa a ciki ma tana nan. Ya gwada, ya zauna masa cif. Bai ko tsaya ciniki ba.

Daga nan ya wuce rumfar Baba Chukwuka, wai a ƙara wa maɗaurin huda ɗaya. Ni dai na san ba huda ce ta kai shi ba, so yake a yaba.

Baba bai yaba ba. Ya juya takalmin, ya shinshina, ya danna farcen babban yatsansa a dunduniya. Farcen ya shige, ya fito da wani gari-gari mai launin ƙasa. Tsohon ya kalli garin nan.

"Ɗana, wannan takalmin a cikin kwali ya tsufa," in ji shi. "Kar ka hau ƙarfe da shi."

Ya yi masa bayani a tsanake. A kayan gwanjo, wanda aka ɗan taka ya fi aminci. Wanda ya yi shekaru a ajiye ba a taɓa sawa ba, samansa yana nan kamar jiya aka yi shi, amma robar ƙasan ta mutu, gam ɗin ya bushe. Zai kai ka coci ya dawo da kai, wataƙila har sau goma. Ranar da ka ɗora masa nauyi na gaske kuwa, ranar zai nuna maka shekarunsa.

Ya ce a bar masa shi kwana uku, ya cire dunduniyar ya sa ta katako, ya ɗinke. Mordecai ya yi dariya. Baƙin zare a jikin farin takalmi? Ai an kashe shi ke nan.

"Baba, kai kilo nawa ka taɓa ɗagawa?"

"Ban da gudumar nan ban taɓa ɗaga komai ba," Baba ya amsa, ko ransa bai ɓaci ba. "Amma tun kafin a haife ka nake ganin abin da takalmi ke yi wa ƙafa. In ba ka yarda da ni ba, ka gwada shi a wurin atisaye da cikakken nauyi, inda ba abin da za ka rasa."

Mordecai ya karɓi kayansa ya fita. Baba ya bi shi da kallo har ya shige cikin mutane, sannan ya goge farcensa a jikin wando.

Koci Sati yana da wata doka da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a zuwa gasa da takalmin da ba a yi aƙalla sati biyu ana atisaye da shi ba. Mordecai ya san in ya kai farin takalmin wurin, koci zai duba, kuma zai iya hanawa. Ga shi kuma ba ya son ƙurar wurin ta ɓata farin. Sai ya sa shi a kwali ya ɗora a saman kabad, ya ci gaba da atisaye da tsohon kamar ba komai.

Matarsa Susanna ce ta fara shan jinin jikinta. Ana saura kwana biyar tafiya, ta sauke kwalin za ta yi shara, ta ga garin nan ya taru a ƙasansa, alhali ba wanda ya taɓa shi. Ta kakkaɓe. Bayan kwana biyu ta sake dubawa, ya sake taruwa.

Ta nuna wa mijinta, ya ce ƙura ce. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙurar da ke fitowa daga cikin rufaffen kwali ba. Ya ce ta tsaya a kan abin da ta sani.

Ranar tafiya da safe, ta ɗauki tsohon takalmin ta cusa masa a ƙasan jaka ba tare da ta faɗa ba. A bakin ƙofa ya ji jakar ta yi nauyi, ya buɗe, ya zaro shi ya ajiye a kan dakali.

"Baban Happiness, don Allah ka tafi da shi. Ko ba ka sa ba, ya zama yana kusa."

"Kin taɓa ganin an je biki da tsumma?" Ya rataya jakarsa ya wuce. Ta tsaya a ƙofa riƙe da takalmin.

A Kaduna, sai a ɗakin ɗumama jiki Koci Sati ya ga abin da ke ƙafar Mordecai. Ya tambayi ina tsohon, aka ce yana Samaru. Koci ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, amma faɗa ba zai kawo takalmi daga Zariya cikin minti ashirin ba.

A nan ne Adebayo ya matso. A wannan wasa daga ƙaramin nauyi ake farawa a yi ta ƙarawa, don haka shi zai gama nasa kafin a zo kan na Mordecai. Ga shi lambar ƙafarsu ɗaya. Ya ce da zarar ya sauko zai cire nasa ya ba shi.

Ku duba fa, abokin takararsa ne ya yi masa wannan tayin. Mordecai ya kalli baƙin ɗinkin da ke ƙafar Adebayo ya ce ya riƙe kayansa, ya gode.

Gasar kashi biyu ce, kuma dole mutum ya ci aƙalla ɗagawa ɗaya a kowane kashi kafin a haɗa masa maki. A kashin farko, wanda ake fizgar ƙarfe daga ƙasa zuwa sama kai tsaye, Mordecai ya burge. Wayoyi suka tashi sama, farin takalmi yana ƙyalli, mutuminku sai murmushi yake yi.

Amma da ya sauka daga dandamali, mai shara ya zo ya share wani gari daga daidai inda ya tsaya. Koci Sati ya gani. Ya durƙusa ya duba ƙafar hagu, ya ga wata siririyar tsaga ta zagaye dunduniyar.

Wannan karon bai yi faɗa ba, roƙo ya yi. Ya ce kashi na biyu ya fi nauyi, kuma tsugunon ya fi zurfi. Adebayo yana gefe, ya riga ya kwance igiyar nasa. Mordecai ya ce ai takalmin ya riga ya nuna kansa, saura ɗagawa ɗaya kawai ya gama da kowa. Aka kira sunansa, ya shafa alli a hannu ya hau.

Kilo ɗari da hamsin ne a kan sandar, nauyin da yake ɗagawa a Samaru yana hira. Zauren ya yi tsit. Ya kama, ya ja, ya shige ƙarƙashin ƙarfen ya tare shi a kafaɗa, ya tsuguna har ƙasa.

Waɗanda ke layin gaba sun ce sun ji wata 'yar ƙara, kamar an taka busasshen burodi. Dunduniyar hagu ta wargaje. Ƙafar ta karkace waje, gwiwa ta shige ciki, ƙarfen kuma yana kansa. Ƙara ta biyu da aka ji ba daga takalmi ta fito ba.

A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi. Da yake bai ci ko ɗaya a kashi na biyu ba, ba a haɗa masa maki ba, sunansa ma bai fito a jerin sakamako ba. Adebayo aka zaɓa, da nauyin da bai kai wanda Mordecai ke ɗumama jiki da shi a ranar da yake jin ƙarfi ba.

Likita ya ce jijiyoyin gwiwar sun tsinke. Aka yi aiki. Ya ce Mordecai zai yi tafiya in ya yi haƙuri, amma maganar tsuguno da ƙarfe a kafaɗa ya cire ta daga ransa har abada. Susanna ce ta yi kukan, kuma ko sau ɗaya ba ta ce masa ai na faɗa maka ba.

Bayan sati uku aka sallame shi. Keke Napep ya sauke su a ƙofar gida, ya fito da sanduna biyu a hammata yana jan ƙafa. 'Yarsu Happiness, mai shekara uku, ta fito da gudu ta tsaya a gabansa ta miƙa hannuwa sama.

"Baba, ɗauke ni."

Ya dube ta. Ya gwada sakin sanda ɗaya, gwiwar ta ƙi. Yarinyar da ba ta kai kilo goma sha biyar ba tana tsaye tana jira, hannuwanta a sama. Susanna ce ta sunkuya ta ɗauke ta, shi kuma ya juya fuskarsa wajen katanga.

Darasi: Kada ka auna shawara da matsayin wanda ya ba ka ita. Wanda bai kai ka ƙarfi ko suna ba yana iya ganin abin da idonka ya rufe a kai. Kuma duk abin da za ka ɗora wa rayuwarka, ka gwada shi tun a inda kuskure ba zai kassara ka ba, kar kyawunsa ya ruɗe ka. Ku tura wannan labari ga 'yan wasa da duk wani mai taurin kai da kuke ƙauna, wataƙila ya ji tun ƙafarsa tana lafiya.