Kurege Ɗan Jagoran Kurmi

Ga ta nan, ku gyara zama ku sha ta.

Wata shekara yunwa ta koro Kurege daga Arewa har bakin kurmin Kudu. Nan ya tarar da Raƙumi da Ɓauna sun zo yawon buɗe ido, da buhun gyaɗarsu na guzuri. Tsohon Biri mai yi wa baƙi jagora ya ce sai mudu huɗu zai shiga da su.

"Mudu huɗu don kallon itatuwa?" in ji Ɓauna. "Da tsada."

Kurege ya ji, yawunsa ya tsinke. Ya faɗa taɓo ya yi birgima, ya manna gansakuka a gadon bayansa, ya fito yana taƙama.

"Baba Raƙumi, Yaya Ɓauna, ku rabu da tsohon nan. Ni ne ɗan kurmi jikan kurmi, don daɗewa har gansakuka ta tsiro mini. Mudu biyu kawai, ni da ku ai ba a haka."

Araha ba ta ado, amma suka bi shi. Wuni guda yana zagaya su a bakin daji. Ya nuna musu suri ya ce fadar sarkin kurmi ce. Ya nuna kututture ya ce damisa ce take barci, kada a tashe ta. Shi kuwa bakinsa bai huta da ƙwalam ba.

Da gari ya waye, Ɓauna ya ce yau sai can ciki, in ba haka ba babu ko ƙwaya ɗaya. Kurege ya dubi buhu, ya shige gaba. A garinsu da rana ake gane gabas, nan kuwa ganye ya rufe sama ruf. Kafin azahar sun ɓace.

Can Kurege ya hango jerin baƙaƙen ƙwari a ƙasa, ya ji sanyi a ransa. A gida duk wanda ya bi tururuwa zai isa rumbu, rumbu kuwa yana gari.

"Ga yarana na aiko su share hanya. Ku tako a kansu, ba komai."

Ashe kwarkwasa ce. Ta hau Raƙumi har tozo, ta shige wa Ɓauna hanci. Kurege ya yi ta birgima yana susa, gansakuka ta zube, ga shi fari fat ɗan Arewa. Ɓauna ya ɗauke shi da ƙaho ya maka da ƙasa.

Daga kan reshe Biri ya leƙo. "Shiga mudu huɗu ne. Fita kuwa sai buhun duka."

Suka miƙa ba gardama.

Kurege ya arce yana ɗingishi, ya waiwayo ya ce, "Ku faɗi gaskiya dai, da mudu biyu wa ya taɓa nuna muku abin da ba za ku manta ba?"

Ƙurunƙus, kan kwarkwasa.