Goran Sarkin Ruwa na Tafkin Giyayya

Ku gyara zama, ku ajiye gardamar da kuke yi, ga wata wadda ta fi ta daɗin ja.

A wani gari da ake kira Tungar Bawa an yi wani tsoho, Sarkin Ruwa Anaruwa. Tafkin garin, wanda itatuwan giyayya suka kewaye har ya ci sunansu, a hannunsa yake, kamar yadda ya zauna a hannun ubansa da kakansa. A zamanin ƙuruciyarsa ba a taɓa kifin tafkin sai rana ɗaya a shekara, ranar su, wato kamun kifi na gayya. Ran nan gari kan kwashe kaf ya koma bakin ruwa, makaɗa na kiɗa, mata na jira da ƙorai. Sarkin Ruwa zai ɗora cikinsa a kan babban goran da ya gada, ya riƙe homa, ragar kamun kifi, ya shiga shi kaɗai, sannan jama'a su biyo baya. A kamo tarwaɗa da rajiya, da giwan ruwa wanda sai ƙarti biyu sun ɗauka. Har karnukan garin sai sun yi ƙiba a wannan makon. Duk lokacin da Anaruwa ya tuna da haka, sai kewa ta kama shi.

Sannu a hankali abin ya lalace. Injinan ban ruwa suka kafa baki a tafkin. Gidan sauron da aka raba don maganin zazzaɓi aka mayar da shi raga, yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Giyayya kuwa aka bi ta da gatari don gawayi. Shekara bakwai ba a yi su ba, goran yana rataye a zaure, gizo-gizo ya yi masa saƙa. Tsoho ƙafa ta ƙi, ido ya rage, burinsa bai wuce ya ga an sake yin su ba kafin ya koma ga Allah. Ya tara 'ya'yansa uku, Cindo da Nomau da Mantau, ya ce, "Ni dai tawa ta kusa. In tafkin nan ya mutu a hannuna, ban san da wace fuska zan sadu da kakanninku ba."

Cindo, babbansu, shi ya fara tashi. Ya samo azara ya kafa a tsakiyar tafkin, kowace Juma'a ya shiga ya tsaga alama daidai inda ruwa ya tsaya. Mutane suka yi ta yi masa ba'a, wai Cindo zai auna ruwa da mudu kamar gero. Rani biyu yana wannan aiki. Ya gano cewa makon da injina tara suka yi aiki, ruwa yakan sauka yatsa huɗu, makon Sallah kuwa da aka huta, yatsa ɗaya kawai. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ja jama'a har bakin azarar, ya ce, "Abin da tafkin nan zai iya ba mu a rani, ya bar wa kifi wurin zama, yatsa tamanin ne. Mu kuwa ɗari da ashirin muke zuƙa." 

Kowa ya ce gaskiya ne, kowa kuma ya koma ya tayar da injinsa. Kun dai san halinmu. Nomau, na tsakiya, shi ya fara kawo inji garin, uku daga cikin taran nasa ne. Ya kashe biyu a lokacin da albasarsa ta fara ƙosawa, ya tsaya yana kallon rabin gonarsa tana ƙonewa. Matarsa ta yi kuka, shekarar nan sai da ya rabu da sansa na huɗa kafin gidansa ya ga damina. Ganin haka kunya ta kama sauran, suka yarda a riƙa ban ruwa bi da bi. Bai tsaya nan ba, ya bi gida gida yana roƙon a mayar da gidan sauro kan gado. An zage shi, wasu har yau ba sa amsa gaisuwarsa.

Ruwa ya zauna, amma kifi bai dawo ba. Mantau, autansu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana nutso a gindin giyayya, shi ya san dalili. A cikin saiwoyinta kifi ke zuba ƙwai, inuwarta ke hana rana shanye ruwa, ita ke riƙe gaɓa kada yashi ya cike tafkin. Ranar da masu gawayi suka zo wa itatuwa goma sha ɗayan da suka rage, suka tarar da shi zaune a kan saiwa. Ya ce, "Gawayinku wata ɗaya zai yi ya zama toka. Itacen nan shekara hamsin yana haifa mana kifi. Ku fara da ni." Suka juya. Ya dasa sababbi, ya killace su da ƙaya saboda awaki, ya riƙa tafiyar yini guda zuwa gulbi yana ɗauko 'ya'yan kifi da ransu a cikin tulu. Shekara uku yana haka.

A rani na huɗu aka ɗora Anaruwa a kan jaki aka kai shi bakin tafkin da hantsi. Bai gani sosai ba, amma ya ji kifi ya buga ruwa da wutsiya, irin bugun da ya sani tun yana yaro. Ya yi kuka don murna, bai ɓoye ba. Aka sa ranar su, aka sauko da goran aka wanke.

Sai dai goran ɗaya ne, al'ada kuma ba ta yarda mutum biyu su fara shiga ba. Wanda aka miƙa wa, shi ne Sarkin Ruwa. Tsoho ya yi ta juya maganar a ransa. Da babu azarar Cindo, da ba wanda ya yarda akwai ciwo, amma Cindo bai rasa ko albasa ɗaya ba. Da babu haƙurin Nomau, da azarar ta ƙare tsaye cikin taɓo, amma shi ya fara jawo ɓarnar. Da babu giyayyar Mantau, da ruwan ya zauna babu kifi, amma da me zai raya ta in 'yan'uwansa ba su bar masa ruwa ba?

Makaɗa sun fara, jama'a sun jeru a gaɓa da homarsu, 'ya'yan nan uku suna durƙushe a gabansa, goran yana hannun tsoho. To, ku da kuke zaune, wa zai miƙa wa?