Ƙafar Adda Hapsatu

Akwai wata mata a unguwar Kolere, cikin garin Mubi, ana ce mata Adda Hapsatu. Ita ta raini ƙaninta Jibrilla bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta goya shi, ta yi tallar gyaɗa ta ciyar da shi. Da mijinta ya rasu, ba ta kuma da ɗa a raye, sai ta dawo gidansa da zama.

A lokacin ya zama Alhaji Jibrilla, babban dillali a kasuwar shanu, mutumin da ba a mayar masa da magana.

Hapsatu tana da tundurmi. Ƙafarta ta hagu ta kumbura daga gwiwa har yatsu, fatar ta yi kauri, idan tana tafiya sai ta riƙa jan ta. An taɓa kai ta ƙaramin asibitin unguwa, inda wata nas mai suna Victoria ta zaunar da ita ta yi mata bayani.

"Mama, ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jikin mutum. Su ke kwashe ruwan da ya taru a tsoka, har da dattin da ke ciki. A kan hanyoyin nan akwai shingaye, kamar na sojoji a hanyar Yola. Su ne kaluluwa. Duk ƙwayar cutar da ta shigo, a nan ake tare ta a kashe ta. Shi ya sa idan kin ji ciwo a yatsa sai kaluluwa ta fito miki a matsematsi. Masu gadi ne ke faɗa."

Hapsatu ta ce, "To ni ina nawa masu gadin suka tafi, 'yar nan?"

"Sauro ya sa miki wasu ƙananan tsutsotsi, suka lalata hanyoyin ƙafar nan. Ruwa ba ya wucewa, masu gadi ba sa isowa da wuri. Ƙafarki gari ce da babu tsaro. Ko ƙaya kada ki bari ta soke ta."

Ba sai an ƙara mata bayani ba. Duk ɗan Mubi ya san yadda gari ke zama idan babu tsaro.

Tun daga ranar ta riƙe abin da aka ce. Safe da yamma ta wanke ƙafar da sabulu, ta tsane tsakanin yatsu da ƙyalle mai tsabta, ta ɗora ta bisa matashi. Ko bakin ƙofa za ta je sai da takalmi. Ƙafar ba ta sace ba, amma zazzaɓin da ke kayar da ita a da ya yi sauƙi. Tana shara, tana tankaɗe, tana kai kanta makewayi.

Sai aka sa ranar auren Habibat, 'yar Alhaji ta fari, malamar makaranta. Dangin ango manyan mutane ne daga Yola.

Wata safiya Hapsatu tana wankin ƙafarta a tsakar gida, Alhaji ya tsaya a kanta yana toshe hanci.

"Adda, haka surukaina za su shigo su tarar da wannan turmin a gidana?"

Ta yi murmushi. "Sai in rufe da zane, Jibrilla."

"Wane zanen zai rufe wannan? Ni na san maganinta. Saniya idan ta ci ɗanyen ganye cikinta ya kumbura, me muke yi? Hudawa muke yi, iska ta fita, ta miƙe. Wannan ma ruwa ne kawai. A tsaga a zuƙe."

"Ni ba saniya ba ce. Kuma nas ta ce..."

"Nas! Shekara nawa kina wanki kamar mai aikin otal, me ya ragu? Ki zaɓa. Ko wanzami ya zo, ko in kai ki bukkar gona a Mayo Bani har a gama biki."

Damina ce. Hapsatu ta san bukkar: taɓo har idon sawu, ƙaya ko'ina, ruwan sha ma sai na rafi. Ta shiga auna askar wanzami da taɓon gona.

Sai ya sassauta murya. "Ba ni za ki kunyata ba, Adda. Habibat za ki kunyata. Za a ce cutar a jininmu take."

Nan ya same ta. Habibat a hannunta ta girma. Ta ce a kira wanzamin.

Washegari, bayan amarya ta tafi gidan kawunta inda ake yi mata gyaran jiki, Mu'azu wanzami ya zo da zabirarsa. Ya duba ƙafar, ya danna, ya sosa ƙeya.

"Alhaji, anya? Ni ban taɓa sa ƙaho a irin wannan ba."

"Kai, aiki na kira ka, ba shawara ba. In ba ka iyawa, wanzamai sun ƙare a Mubi ne?"

Mu'azu ya fito da aska. Hapsatu ta cusa gefen mayafinta a baki. Ya tsattsaga daga sha-raɓa zuwa bayan ƙafa, ya kafa ƙaho. Wani ruwa fatsi-fatsi ya riƙa tsiyaya cikin kwano.

Alhaji ya tafa hannu. "Kin gani? Ga shi nan! Wannan ne nas ɗinki ta kasa fitarwa."

Ruwan bai tsaya ba. Ya jiƙa tsumma, ya jiƙa tabarma, ƙudaje suka samu wurin zama. Kafin a yi nisa sanyi ya kama Hapsatu har haƙoranta na haɗuwa. Ƙafar ta yi zafi kamar garwashi, ta ƙara kumbura fiye da da, bakin tsagar ya fara baƙi.

Ta kira shi. "Jibrilla, don Allah ka kai ni asibiti."

"A wannan makon? Don a ce me? Ki daure, bayan biki."

Ya sa aka mayar da ita ɗakin ajiyar hatsi a bayan gida, ya ajiye mata kunu da ƙwayar zazzaɓi, ya sa kwaɗo ta waje. Matarsa ta buɗe baki, ya ce in ta sake magana ta bi ta can. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce Adda ta tafi Sorau gaisuwa.

Daga cikin ɗakin tana jin ana kafa rumfuna, tana jin guɗa da ƙarar tukwane. Ta kira har muryarta ta dishe. Kiɗa ya fi ta ƙarfi.

Ranar wankan amarya, da Habibat ta dawo gida, ta ce babu mai zuba mata ruwan lalle sai Goggonta, haka ake yi a gidansu.

"Baba, wace gaisuwa ce Goggo za ta tafi ranar aurena? Ga takalminta can a ƙofar ɗakinta. Goggo ba ta taka ƙasa babu takalmi."

Alhaji ya fara faɗa. Ba ta tsaya ji ba. Ta zagaya gidan da ƙawayenta, wari ya kai su ƙofar ɗakin hatsin. Suka fasa kwaɗon da taɓarya.

Hanya ɗaya ce daga bayan gida zuwa titi, kuma ta tsakiyar rumfunan ta bi. A bisa tabarma aka fito da Hapsatu, ƙafar a buɗe, a gaban matan unguwa da baƙin Yola. Kiɗa ya tsaya. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ajiye faranti, ta tambaya, "Wace ce wannan?"

Habibat ta ce, "Wadda ta goyi babana ce."

A babban asibiti likitoci suka yi abin da za su iya. Cutar ta riga ta ci nama, ta fara shiga jini. Don a ceci ranta sai da aka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

An ɗaura aure, amma uban ango ko ruwan gidan bai sha ba. Labari ya isa kasuwa kafin Alhaji ya isa. Makiyayan da suka saba miƙa masa igiyar shanunsu suka riƙa wuce shi. Yaran kasuwa suka sa masa suna Likitan Shanu.

Sai da mijin Habibat ya gama shirin tafiya da Hapsatu Yola, sannan Alhaji ya iya zuwa asibitin. Ya durƙusa a gefen gado, hula a hannu.

"Adda, ki yafe mini. Ki dawo gida, zan gina miki ɗaki mai fanka."

Hapsatu ta kalle shi. Sannan ta yaye bargo a hankali.

"Duba da kyau, Jibrilla. Babu sauran abin da zai ba ka kunya. Tashi ka tafi, nas za ta wanke mini abin da ka bari."

Darasi: Kumburin jikin ɗan Adam ba na aska ba ne. Allah ya sa mana masu gadi a jiki, kuma wanda nasa suka raunana, tsabta da asibiti da tausayi yake bukata, ba tsaga da ɓoyo ba. Wanda ya ji kunyar ciwon ɗan'uwansa har ya cutar da shi, kunyar da ta fi wannan tana jiransa a gaban jama'a. Ku tura wa wasu, wataƙila a gidan da zai isa akwai wata Hapsatu da ake shirin kira wa wanzami.