Kwanon da Ke Fita ta Ƙofar Baya

Akwai wani tsohon gida a ƙarshen wani layi, wanda mutanen unguwa suka haɗa hannu suka gyara saboda waɗanda ba su da wurin kwana. Ɗakuna ne a jere, da zauren cin abinci, da kicin a baya. Duk wanda ya zo da yunwa za a zuba masa, amma da doka guda: a nan za ka ci, kwano ba ya fita waje. An kafa dokar ne tun da aka kama wasu suna karɓa suna sayarwa.

Mai kula da kicin wata dattijuwa ce da ake kira Inna Mai Ludayi. Tun da aka buɗe gidan take girki don Allah. Matar nan akwai ƙoƙari, sai dai akwai son yabo. In ka ci ka tashi ba ka ce "Inna, sannu da aiki" ba, gobe sai ka nemi nama a kwanonka ka rasa.

Ana nan aka kawo wata mata da tagwayenta. Mijinta ya rasu, mai gidan haya ya watso musu kaya, suka yi ta kwana a tashar mota. Aka ba su ɗakin ƙarshe, aka riƙa kiranta Maman 'Yan Biyu.

Ba ta iya zama haka nan ba. Ta fara da wanke-wanke, ta koma yankan albasa. Da zazzaɓi ya kwantar da Inna, ita ta hau tukunya. Ranar an sha santi.

Da Inna ta warke ta dawo, wani tsoho mara haƙora ya kai loma ɗaya, ya ɗago kai.

"Inna, yau ba yarinyar nan ce ta dafa ba ko?"

"Me ka gani?"

"A'a, ba komai. Tambaya ce kawai."

Tambayar nan ta tsaya wa Inna a wuya. Ga shi kuma wajen rabo layi ya rabu biyu, na Maman 'Yan Biyu har bakin ƙofa, nata kuwa 'yan tsiraru. Shugaban kwamitin gidan ya zo ya ƙara gishiri, wai shi yabo: "Alhamdulillahi, mun samu magajiyar Inna."

"Magajiya? Mutuwa na yi?" in ji Inna, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Kishi ne tsagwaronsa, ba sai an ɓoye ba. Daga ranar komai matar ta yi laifi ne: ta cika mai, ta ɓarnatar da sabulu, 'ya'yanta sun cika surutu. Ita kuwa ba ta da amsa sai "To Inna, a yi haƙuri."

Sai Inna ta lura da wani abu. Kullum bayan rabon rana, matar takan rufe kwano ɗaya, ta tura shi cikin mayafi, ta fice ta ƙofar baya. Inna ko ludayi ba ta ajiye ba, ta yi wajen shugaba.

Aka kira Maman 'Yan Biyu.

"Baiwar Allah, da gaske kina fitar da abinci?"

"Rabona ne, Baba. Ni da yara muna cin nasu."

"Wa kike kai wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Ba ga shi ba!" in ji Inna. "Sayarwa take yi, ni na san irinsu."

Shugaba ya yi ta lallashi, matar ta ƙi buɗe baki. Ya ce doka ba ta san fuska ba, gobe da yamma ta bar ɗakin. Tagwayen da suka fara ƙiba za su koma tasha ke nan. Inna kuwa ranta fari ƙal, har da 'yar waƙarta wajen wanke tukunya.

Sai dai mutanen gidan sun fara yi mata wani irin kallo. Don haka ta ƙudura sai ta kama matar dumu-dumu tana ciniki, kowa ya san ba sharri ta yi ba.

Washegari, ga kaya a ɗaure a bakin ɗaki, amma matar nan ta sake rufe kwanonta ta fita. Inna ta bi ta a baya tana raɓe-raɓe, har wani kango da ke bayan garejin makanikai. Ta leƙa. Wani ramammen mutum ne zaune a kan kwali, yana cin abincin da matar ta kawo.

"Allah ya raya miki yaran nan," in ji shi.

Muryar ce ta fara dukan Inna. Ƙanenta ne, autan gidansu, wanda ta goya da bayanta. Shi da ya ce ya samu aikin tuƙi a wani gari mai nisa, yake kira yana cewa komai lafiya lau.

"Auta!"

Ya daskare. "Yaya..."

Ashe aikin ya daɗe da ƙarewa, ɗaki ya gagare shi, kunya ta hana shi dosar dangi.

"Na taɓa zuwa layinku, Yaya. Na ji ki kina ba wasu mata labari, wai ƙanenki na can yana jan manyan motoci. Sai na juya. Wannan baiwar Allah ce ta biyo ni."

Inna ta dubi matar. "Kin san ƙanena ne?"

"Na sani, Inna. Ni ma sai da na juya a ƙofar gidan kafin na iya shiga, shi ya sa na gane shi. Ya roƙe ni kar ki ji."

Inna ta durƙushe a ƙasa tana kuka. Matar da take neman jefawa titi, ita ce ke hana cikinta don ta rufa wa gidansu asiri.

Da kanta Inna ta je gaban shugaba ta ce, "Ni ce mai laifi, baƙin ciki ne ya rufe min ido." Da kanta ta ɗauki ƙullin kayan a ka, ta mayar ɗakin ƙarshe. Kwamiti ya gyara dokarsa: wanda kunya ta hana shigowa, a bi shi da rufaffen kwano.

Da aka zo rabon yamma, Auta ya shigo ta ƙofar gaba, ya tsaya a layin Maman 'Yan Biyu. Inna ta kalli nata layin, ta kalli wancan. Sai ta ajiye ludayi, ta ɗauki kwano, ta je ta tsaya a bayan ƙanenta.

Da layi ya zo kanta ta miƙa kwanon. "Zuba min, 'yata. Ashe tsohon nan da gaskiyarsa."

Darasi: Kada yabon da ake yi wa wani ya zame maka ciwo, har ka nemi raba shi da inuwar da ya samu. Wanda kake yi wa hassada, wataƙila shi ke rufa maka asiri ba ka sani ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, kuma ku riƙa lura da mai juyawa a bakin ƙofa, don ba kowane mai yunwa ne ke iya shiga layi ba.