Dubu Biyar da Talatin da Tara

A zamanin da aljanu ke cin kasuwa da mutane, an yi wani basarake a Birnin Kanwa, Sarki Gwabro, mai faɗa a ji, wanda ya rasu ya bar ɗansa na fari, Maikano, dogo, mai sanyin baki da kaifin ido. Ba a gama zaman makoki ba sai Zarƙamu, sarkin aljanun Tsaunin Hayaƙi, ya turo guguwa ta kwashe mutanen birnin da uwar Maikano a cikinsu.

Maikano ya ɗaura ɗamara, ya ratsa dajin da itatuwansa ke gulma, ya haye kogin da ke gudu baya-baya, har ya iso fadar Zarƙamu, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Zarƙamu, mai gemu har gwiwa da son wasa da hankalin bayin Allah, ya ce, "Ɗan Gwabro, mutanenka dubu biyar da talatin da tara ne, kuma ƙofofina tara. Ta farko bibbiyu ake wuce ta, ta biyu uku-uku, haka har ta ƙarshe goma-goma. Sahun da bai cika ba, dutse zai zama. Lambar nan kuwa gagara-rabo ce, ba ta rabuwa daidai sai ga ɗaya da ita kanta. Zaɓi waɗanda za ka bari."

Maikano ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in gan su a jere."

Aka jera su bibbiyu, tsohuwa ɗaya ta rage a baya, uwarsa ce. Tausayi ya kama shi har idonsa ya cika. Aka jera uku-uku, sahun ƙarshe mutum biyu. Aka jera goma-goma, sahun ƙarshe tara. Aljanu na ta ƙyaƙyata dariya, shi kuwa ya lura kowane jeri gurbin mutum ɗaya tak ya rasa.

Ya ce, "Sarki, ka yi maganar ragi, ba ka hana ƙari ba."

Zarƙamu ya murtuke fuska. "Wanda ya shiga sahu ya zama kamamme. In lissafinka ya kuskure a ƙofa ɗaya, har da kai."

"Na ji, na yarda."

Ya tuɓe takalmansa ya tsaya kusa da uwarsa, suka zama dubu biyar da arba'in, lambar da ke rabuwa ga biyu har zuwa goma ba saura. Ƙofofi suka yi ta buɗewa, Zarƙamu na cizon gemu, har na ƙarshensu ya fita.

A gida aka naɗa Maikano sarki, aka yi wa Allah godiya. Ita dai tsohuwar, da yake ɗan fari ne, ba ta kira sunansa ba, ba ta ma dube shi ba. Amma tun daga ƙofar farko da ta damƙe hannunsa, sai da masu naɗi suka roƙe ta kafin ta sake shi.