Shagunan Mas'udu a Filin Gado

Akwai wani tsohon ma'aikacin gwamnati a unguwar Damba cikin Gusau, sunansa Malam Mas'udu. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba, amma akwai shi da taurin kan tsiya.

Da aka biya shi kuɗin sallama, abokinsa Yakubu mai shagon kayan gini a Sabon Gari ya ba shi shawara.

"Malam Mas'udu, kada ka zuba su duka wuri ɗaya. Akwai kamfanonin da ke tara kuɗin jama'a su sayi manyan gine-gine, su ba da haya, su riƙa raba kuɗin hayar ga masu hannun jari. Ni ma ina da ɗan kaso. Wata shekara a samu da auki, wata shekara kaɗan, amma ran da ka matsu kana iya sayar da wani yanki ka bar saura."

Mas'udu ya yi dariya har da buga cinya.

"Gidan da ban san ƙofarsa ba? Wanda ba zan jingina da bangonsa in sha iska ba? Yakubu, kai mai sayar da siminti, ka ƙare a gidan takarda."

Yakubu bai ja ba, ya ce Allah ya sa alheri.

Mahaifin Mas'udu ya rasu ya bar fili a bakin titi a Bungudu, kuma ba a taɓa raba gadon ba. Kun san halinmu, duk wanda ya fara cewa a raba, shi ne mai son raba zumunci. A wannan filin Mas'udu ya yanke shawarar gina shagunan haya.

Matarsa Rabi ta ce, "Malam, da an raba gadon tukuna. Dogo da Lantana ma suna da haƙƙi a ciki."

"Ni ne babba. Ƙannena ne za su hana ni gini a ƙasar ubana?"

Ya zuba kuɗin kakaf. Shaguna suka tashi reras, kowa ya wuce sai ya yaba.

Ana nan sai idanun Rabi suka fara dushewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, a kai ta Sakkwato a yi mata aiki da wuri, domin abin da ciwon ya ci ba ya dawowa. Fansho bai isa ko'ina ba, 'yan haya sun riga sun biya na shekara, wasu shagunan ma a rufe suke.

Mas'udu ya nemo mai saye. Mutumin ya zagaya ya ce, "Ginin naka ne, na yarda. Ƙasar fa? Kawo mini sauran magada."

Ya je wurin ƙanensa Dogo a nan Bungudu. Dogo ya ce, "Yaya, ranar da ka haƙa tushe ba ka tambaye ni ba. A je gaban alƙali a raba, sannan ka sayar da naka."

Ya hau mota zuwa Tsafe wurin Lantana. Ta yi kuka da ta ji halin da Rabi ke ciki, amma ta ce ba da hannunta za a sayar wa bare ƙasar Baba ba.

A kotu kuma sai a kawo shaidu, a auna fili, a ɗaga zama. Daga Gusau zuwa Bungudu, daga Bungudu zuwa Tsafe, haka bawan Allah ya yi ta zirga-zirga. Gini ba ya ɗaukuwa, ƙasa ba ta sayuwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wallahi ya ba ni tausayi, duk da shi ya jawo. Kunya kuma ta hana shi tunkarar Yakubu.

Dibora matar Yakubu ce ta je duba Rabi, ta gan ta tana lalubar kofin da ke gabanta. Ta koma ta gaya wa mijinta.

Bayan 'yan kwanaki Yakubu ya yi sallama.

"Na sa dillalina ya sayar da wani yanki na kason nan. An ɗan jira mai saye, amma kuɗin sun shigo, ga su. Ku tafi gobe."

Bai tuna masa da dariyar ba. Mas'udu ya riƙe hannun Yakubu.

An yi aikin, an ceto idon dama. Na hagu kuwa likita ya ce an makara.

A hanyar dawowa mota ta biyo ta Bungudu. Mas'udu ya manta, ya nuna ta taga ya ce, "Rabi, ga shagunan can."

Ta ce, "Ta wane gefe, Malam? In ta hagu ne, sai dai ka gaya mini."

Ya sauke hannunsa.

Darasi: Dukiyar da ba za ka iya taɓawa ba ranar da ka matsu, ado ce kawai. Kada ka zuba duk abin da ka tara wuri guda, kada ka gina a kan gadon da ba a raba ba, kuma in an kawo maka hanyar da ba ka sani ba, ka bincika wurin masana kafin ka yi dariya. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana shirin haƙa tushe a filin gado.